Manhajojin sa ido da yaƙin da mutum ke yi da kallon batsa

A watan Maris na shekarar 2025, Majalisar Wakilan Nijeriya ta amince da wani ƙuduri da ya buƙaci Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta ƙasar, wato NCC, ta sa kamfanonin sadarwa su toshe shafukan batsa na intanet.

Ɗan majalisa Dalhatu Tafoki daga jihar Katsina ne ya gabatar da ƙudurin, inda ya kafa hujja da illar da ya ce irin waɗannan shafuka na yi wa tarbiyyar matasa da kuma zaman aure.

Matakin ya farfaɗo da wata tsohuwar muhawara game da wanda alhakin tsare ƙofar ya rataya a wuyansa: gwamnati ce, ko iyaye, ko kuwa shi mai wayar da kansa.

A ɗaya ɓangaren na wannan muhawara akwai wasu manhajoji da mutum kan sanya a wayarsa ta salula ko kwamfuta bisa raɗin kansa, domin su riƙa kai rahoton abin da yake kallo ga wani da ya amince da shi.

An fi sanin su a Amurka, inda suka shafe fiye da shekaru 20 ana amfani da su. Tambayar ita ce, me suke iya yi wa matashin da ke Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa wanda ke son raba kansa da wannan ɗabi'a, kuma mene ne ba za su iya ba?

Yadda hoton ke isa waya

Yankin arewa maso yammacin jihar Jigawa ba baƙo ba ne ga fasahar sadarwa.

A shekarar 2001, wato shekarar da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da Informatics.

A garin ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take, yayin da a shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura, ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar.

Ke nan akwai ɗalibai masu yawa a yankin waɗanda karatunsu ba ya yiwuwa sai da intanet. Shawarar cewa mutum ya jefar da babbar waya ya koma wa ƙarama ba ta da sauƙin ɗauka a wurinsu.

To sai dai tarihin yaɗuwar hotunan batsa a ƙasar Hausa ya nuna cewa ba lallai sai da intanet suke tafiya ba.

A shekarar 2007 wani ɗan gajeren hoton bidiyo da aka ɗauka da wayar salula, wanda ya shafi wata 'yar wasan finafinan Hausa, ya bazu a Kano da garuruwan da ke kewaye, akasari ta hanyar turawa daga waya zuwa waya da Bluetooth.

Lamarin ya kai ga dakatar da ɗaukar finafinai a jihar Kano na tsawon watanni, da kuma tsaurara dokoki a Hukumar Tace Finafinai ta jihar ƙarƙashin jagorancin Abubakar Rabo Abdulkarim.

Hukumar ta iya rufe wuraren ɗaukar fim, amma ba ta da hanyar shiga aljihun jama'a.

Har yanzu wannan hanya ta hannu da hannu tana nan. Katin memori da manhajar Xender da zaurukan WhatsApp da Telegram sun maye gurbin Bluetooth, kuma a kasuwanni da tashoshin mota akwai shagunan masu tura finafinai da waƙoƙi a waya.

Akasarin masu wannan sana'a finafinan Hausa da fassarar Indiya da wa'azi da karatun Alƙur'ani suke turawa. Amma hanyar da ke ɗauko waɗannan ita ce ke iya ɗauko wani abu dabam, kuma wannan na da muhimmanci wajen fahimtar iyakar abin da manhaja za ta iya.

Asalin manhajojin

Mafi shahara a cikinsu ita ce Covenant Eyes, wadda wani Ba'amurke mai suna Ron DeHaas ya kafa kamfaninta a jihar Michigan a shekarar 2000.

Daga bisani wasu suka biyo baya, irin su X3watch da Accountable2You da kuma Ever Accountable. Yawancinsu sun fito ne daga da'irar majami'un Kirista na Amurka.

Tunanin da aka gina su a kai mai sauƙi ne. Masu su na ganin cewa abin da ke ba wa kallon batsa ƙarfi shi ne kaɗaici da tabbacin cewa babu wanda zai sani. Idan mutum ya san cewa gobe da safe wani zai ga abin da ya buɗe da tsakar dare, zai yi tunani sau biyu.

Saboda haka mai amfani da manhajar kan zaɓi mutum guda ko biyu, ya ba da adireshinsu na imel, su kuma su riƙa samun rahoto a kullum ko a mako.

Musulmi ma sun shigo fagen. Akwai shirin Purify Your Gaze da Zeyad Ramadan ya kafa a Amurka, wanda ya fi karkata ga nasiha da horar da zuciya, akwai kuma manhajoji irin su Kahf Guard da ke toshe shafukan da ake ganin sun saɓa wa addini.

Yadda suke aiki

Ana iya kasa waɗannan manhajoji gida uku.

Kashin farko su ne masu tacewa. Duk lokacin da mutum ya rubuta sunan wani shafi, wayarsa kan tambayi wani kundin adireshi na intanet, wanda ake kira DNS, inda shafin yake. Idan aka haɗa wayar da kundin da ke ƙin ba da adireshin shafukan batsa, to shafin ba zai buɗe ba.

Kamfanin Cloudflare ya fito da irin wannan kundi na kyauta domin iyalai a shekarar 2020, akwai kuma na CleanBrowsing. Akasarin wayoyin Android da aka ƙera daga shekarar 2018 zuwa yau na da gurbin da ake saka wannan adireshi ba tare da sauke wata manhaja ba.

Masu tacewa ba sa kai rahoto ga kowa. Katanga ce kawai.

Kashi na biyu su ne masu rubuta sunayen shafukan da aka ziyarta da kalmomin da aka nema, sannan su aika wa amintaccen da aka zaɓa.

Wannan salo ya yi tasiri a shekarun farko, amma ƙarfinsa ya ragu bayan da akasarin shafuka suka koma ɓoye bayanan da ke kai-komo tsakaninsu da masu ziyara. Manhajar na iya ganin cewa mutum ya shiga Facebook ko X, amma ba ta san abin da ya kalla a ciki ba.

Wannan ne ya haifar da kashi na uku, wato masu ɗaukar hoton fuskar waya.

A shekarar 2019 Covenant Eyes ta koma ga wannan salo: manhajar kan ɗauki hoton abin da ke kan fuskar wayar lokaci-lokaci, ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance ko akwai tsiraici a ciki, sannan ta dusashe hoton kafin ta aika wa amintaccen.

Wannan kashi ne kaɗai ke da damar lura da bidiyon da aka turo ta katin memori ko Xender, tun da abin da ido ke gani yake dubawa, ko daga ina ya fito.

Shi ne kuma ya fi kowanne shiga sirrin mutum, domin fuskar wayar da ake ɗauka ita ce wadda saƙonnin iyali da bayanan banki ke bayyana a kanta.

Inda suke gazawa

Babu ɗaya daga cikin manhajojin da ba a iya kauce mata.

Manhajar VPN na iya tsallake katangar masu tacewa. Wayar aboki, ko wata tsohuwar waya da ke cikin akwati, ba ta cikin lissafin rahoton. A gidajen da mutum biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya kuwa, rahoton ba ya iya bambance wanda ya kalli me.

Wata shari'a da aka yi a Amurka ta nuna hakan ƙarara. A shekarar 2021 kotu ta samu Josh Duggar, wani da ya yi suna a shirye-shiryen talabijin, da laifin karɓar hotunan lalata da ƙananan yara.

An shaida wa kotun cewa akwai Covenant Eyes a kwamfutarsa ta wurin aiki, kuma matarsa ce ke karɓar rahoto, amma an raba ƙwaƙwalwar kwamfutar gida biyu, aka yi aika-aikar a ɓangaren da manhajar ba ta gani. A shekarar 2022 aka yanke masa hukuncin ɗaurin fiye da shekaru 12.

Binciken masana ma bai ba masu tacewa babban yabo ba. Wani nazari da Andrew Przybylski da Victoria Nash na Jami'ar Oxford suka wallafa a shekarar 2018 ya gano cewa sai an sanya matacin intanet a gidaje tsakanin 17 zuwa 77 kafin a hana matashi guda ɗaya cin karo da hotunan batsa.

Akwai kuma batun kuɗi. Kuɗin Covenant Eyes ya haura dala 15 a wata, wanda a farashin canji na shekarar 2025 ya zarce naira 22,000.

Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Nijeriya a shekarar 2024 naira 70,000 ne. Wato manhajar za ta lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, ballantana ɗalibi ko manomi a Gwiwa.

Bugu da ƙari, da Turanci aka tsara manhajojin, kuma kalmomin Turanci suka fi ganewa. Abin da aka rubuta da Hausa a wani zauren hira na iya wuce su ba tare da sun ankara ba.

Cuta ce ko damuwar zuciya?

Kafin mutum ya nemi magani, yana da kyau ya san abin da ke damunsa, kuma a nan likitoci sun yi taka-tsantsan.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta amince ta sanya yawan sha'awa a jerin cututtukan da ta fitar a shekarar 2013 ba.

Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta amince da wata lalura ta kasa sarrafa sha'awar jima'i, wadda kallon batsa ke iya shiga ƙarƙashinta.

Sai dai hukumar ba ta sanya ta a rukunin jaraba irin ta ƙwaya ko caca ba, ta ajiye ta ne a rukunin kasa danne abin da zuciya ta raya.

Ta kuma gindaya sharuɗɗa. Dole ne lamarin ya ɗauki lokaci mai tsawo, kamar watanni shida ko fiye, mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa, kuma abin ya kai ga cutar da aikinsa ko karatunsa ko iyalinsa ko lafiyarsa.

Hukumar ta fayyace cewa idan damuwar mutum gaba ɗaya ta taso ne daga ganin cewa abin da yake yi laifi ne a addininsa ko al'adarsa, wannan kaɗai bai isa a ce yana da lalurar ba.

Wannan ya yi daidai da abin da wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Joshua Grubbs, da abokan aikinsa suka gano a binciken da suka fara wallafawa a shekarar 2015.

Sun lura cewa masu riƙo da addini sun fi saurin kiran kansu waɗanda jaraba ta kama, ko da kuwa ba su kai wasu yawan kallon ba, saboda tazarar da ke tsakanin abin da suka yi imani da shi da abin da suke aikatawa ita ce ke ci musu rai.

Ga al'umma irin ta Jigawa, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma mafi yawan jama'a ke ɗaukar kallon batsa a matsayin saɓon Allah, wannan bambanci na da amfani.

Wanda ke faɗawa jefi-jefi yana nadama na bukatar tuba da sauya yadda yake tafiyar da lokacinsa. Wanda kuwa abin ya hana shi barci, ya cinye kuɗinsa a sayen data, ya raba shi da matarsa ko ya sa ya faɗi jarrabawa, yana iya bukatar likita.

Akwai alamun cewa magani ta hanyar tattaunawa na taimakawa. A wani ƙaramin gwaji da Jesse Crosby da Michael Twohig na Jami'ar Jihar Utah suka wallafa a shekarar 2016, maza 28 sun yi zama 12 da masu ba da shawara, kuma yawan kallon da suke yi ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

Abin lura shi ne, an koya musu ne yadda za su bar sha'awar ta zo ta wuce ba tare da sun bi ta ba, maimakon su yi ta kokawa da tunanin. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka sakamakon manuniya ce kawai.

Wa za a ba amana?

Duk ƙarfin manhajar kai rahoto na wurin mutumin da ke karɓar rahoton, kuma a nan ne al'adar da ta haifi manhajar ta sha bamban da ta ƙasar Hausa.

A shekarar 2023, jim kaɗan bayan an zaɓi Mike Johnson a matsayin Kakakin Majalisar Wakilan Amurka, wani bidiyo ya bayyana inda yake bayanin cewa shi da ɗansa matashi na amfani da Covenant Eyes, kowannensu na karɓar rahoton ɗan'uwansa.

Irin wannan tsari zai yi wuya a gidan Bahaushe. Kunyar da ke tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari wanda wasu iyayen ko sunansa ba sa kira, ba ta bar ƙofar irin wannan magana ba.

Miƙa rahoton ga mata ma na da nasa haɗarin. Yana iya mayar da ita mai gadin mijinta, kuma duk wani tuntuɓe da ya yi ya zama sabon rauni a zuciyarta, ko ma maganar ta kai gaban iyaye da surukai.

Waɗanda suka fi dacewa da wannan matsayi a al'adance su ne amini, ko wa ko kawu da ba a jin nauyinsa sosai, ko kuma malamin da mutum ke ɗaukar karatu a wurinsa.

Ko su ɗin ma, sai an duba. A gari irin Roni ko Gwiwa, inda kowa ya san kowa, maganar da ta fita daga bakin mutum ɗaya na iya shafar neman aure da mutuncin gida gaba ɗaya. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda bai da irin wannan ciki bai cancanci riƙe rahoton wani ba.

Ga mata kuwa lamarin ya fi tsanani. Ana yawan ɗaukar matsalar a matsayin ta maza, alhali akwai mata da 'yanmata da ke fama da ita, kuma abin da za su yi asara idan asiri ya tonu ya fi na namiji yawa.

Addini ma ya ja layi biyu da ya kamata a yi tafiya a tsakaninsu.

Aya ta 30 da ta 31 na Suratun Nur sun umarci muminai maza da mata da su runtse idanunsu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane.

Koyarwar Musulunci ta kuma kwaɗaitar da wanda ya yi saɓo a ɓoye da ya rufa wa kansa asiri, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Malamai sun bambanta wannan da halin wanda ya kai kukansa ga malami ko likita domin neman mafita, wanda ba a ɗauke shi a matsayin mai tallata zunubi ba.

Tunanin sa ido a kan kai ma ya daɗe a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan muraƙaba da muhasaba, inda ya kwatanta mutum da ɗan kasuwar da ke gindaya wa abokin cinikinsa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, sannan ya yi lissafi da shi da dare. Abokin cinikin a nan ita ce zuciya.

Idan aka ɗora manhajar a kan wannan ma'auni, aikinta bai wuce na littafin lissafin ba.

Tsakanin taimako da leƙen asiri

Abin da ya raba manhajar taimakon kai da ta leƙen asiri shi ne yardar mai wayar. Fasahar da ke cikinsu kusan iri ɗaya ce.

A watan Satumban 2022 mujallar WIRED ta wallafa wani bincike kan yadda wata majami'a a jihar California mai suna Gracepoint ke sa mabiyanta sanya irin waɗannan manhajoji, shugabanni kuma na karɓar rahoton.

Wasu tsofaffin mabiya sun shaida wa mujallar cewa ba su ga damar ƙin amincewa ba, kuma an riƙa tuhumarsu a kan abubuwan da ba su da alaƙa da batsa.

Bayan binciken, kamfanin Google ya cire Covenant Eyes da Accountable2You daga rumbunsa na manhajoji, bisa dalilin cewa sun yi amfani da wata dama da aka tanada domin naƙasassu wajen ganin duk abin da ke kan waya. Daga baya Covenant Eyes ta koma rumbun.

A shekarar 2023 mujallar ta sake ba da labarin wani iyali a jihar Indiana da jami'an kotu suka sanya wa manhajar a wayoyinsu bayan an ba da belin maigidan. An mayar da shi kurkuku saboda wani rahoto da manhajar ta aika, ko da yake matarsa ta ce daga wayarta rahoton ya fito. Ka'idojin kamfanin da kansa sun hana amfani da manhajar a harkar shari'a.

Darasin a nan ya shafi duk wani mai iko a kan wani, ko shugaban makaranta ne, ko maigida a wurin aiki, ko wata hukuma. Rahoton manhaja na iya yin kuskure, kuma wanda aka tilasta wa sanya ta yakan koyi ɓoyewa ne kawai.

A Nijeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin shekarar 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da saƙonninsu da hirarsu ta waya. Dokar laifukan intanet ta shekarar 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani da tare saƙonninsa ba da izini ba, sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta shekarar 2023.

Miji ko matar da suka sanya wa abokin zamansu manhajar leƙe a ɓoye na iya samun kansu a ɓangaren da doka ba ta goyon baya.

Akwai kuma haɗarin manhajojin bogi. Duk manhajar da aka ba izinin ganin fuskar waya na iya kwashe lambobin sirri da hotuna. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya da ke da alaƙa da masu karɓar kuɗi ta hanyar barazanar fallasa hotunan tsiraici, abin da ke nuna cewa akwai masu neman irin waɗannan bayanai ruwa a jallo.

Batun yara daban ne

Abin da ya shafi babba mai neman taimako bai zama ɗaya da na yaron da ke ƙarƙashin kulawar iyaye ba.

Google ya fito da manhajar Family Link a shekarar 2017, Apple kuma ya ƙara tsarin Screen Time a wayoyinsa a shekarar 2018. Dukkansu kyauta ne, kuma suna ba iyaye damar hana sauke wasu manhajoji, da taƙaita shafuka, da kuma kulle waya idan lokacin barci ya yi.

Matsalar ita ce a gidaje da dama yaron ya fi iyayen sanin wayar, wani lokaci ma shi ake kira ya gyara ta. Sau da yawa kuma a wayar wani babba a gidan ko ta abokai yaro ke fara cin karo da hoton.

Saboda haka tsaftace wayoyin manya, da kuma sanar da yaro cewa zai iya faɗin abin da ya gani ba tare da an rufe shi da duka ba, na cikin kariyar da manhaja ba ta bayarwa.

Abin da toshewar gwamnati ta nuna

Ƙasashen da suka gwada toshewa daga sama sun samu sakamako mai gauraye.

A shekarar 2015 Indiya ta ba da umarnin toshe shafuka 857, amma ta sassauta cikin 'yan kwanaki bayan suka daga jama'a, kafin a sake ɗaukar irin matakin a shekarar 2018.

A Birtaniya, dokar da ta tilasta wa shafukan batsa tantance shekarun masu ziyara ta fara aiki ranar 25 ga watan Yulin 2025. Nan take kamfanin Proton ya ce masu rajistar manhajarsa ta VPN daga ƙasar sun ƙaru da fiye da kashi 1,400 cikin 100.

Irin wannan mataki na rage yiwuwar yaro ya faɗa shafin bisa kuskure. Wanda ya fita nema da gangan kuwa yakan samu hanya, musamman a inda katin memori ke yin aikin da intanet ke yi.

Abin da ke hannun mutum

Ga wanda ya yanke shawarar dainawa, matakan da suka fi sauƙi a yankin ba sa bukatar dala.

Zai iya saka adireshin kundin tacewa na kyauta a wayarsa, ya kunna SafeSearch a Google, ya goge abin da ke cikin memori, ya kuma fice daga zaurukan da hotunan ke shigowa ta cikinsu.

Zai iya ba wani amintacce lambar sirrin da ke kulle waɗannan saituna, ta yadda ba zai iya warware su shi kaɗai da tsakar dare ba. Wannan na ba da kaso mai yawa na amfanin manhajar kuɗi, ba tare da wani ya riƙa ganin saƙonninsa ba.

Yana kuma da amfani ya lura da lokaci da yanayin da ya fi faɗawa. Ga mutane da yawa dare ne, lokacin da kamfanonin sadarwa ke sayar da data da rahusa, ga kaɗaici, ga rashin abin yi. Kwana da waya a wani ɗaki dabam, ko barinta a wurin caji, na iya yin abin da manhaja ba ta yi ba.

Idan kuwa za a yi amfani da manhajar kai rahoto, ya kamata a yi yarjejeniya tun farko kan abin da amintaccen zai gani, da abin da zai yi idan ya ga tuntuɓe, da kuma lokacin da za a cire ta.

Wanda lamarin ya fi ƙarfinsa, ko ya haɗu da baƙin ciki mai tsanani ko shaye-shaye ko tunanin cutar da kansa, akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau da ke Kano, da kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ka'idar aikin likita ta wajabta masa riƙe sirrin wanda ya zo wurinsa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2023 ta ƙara jaddada wannan haƙƙi.